Katangar da Na Sa Aka Toshe

Fitila na fita saye. Ranar Laraba ce, ƙarshen damina, ranar da muka tare a sabon gida. Sai da la'asar ta wuce na lura ba mu da abin haske, na ce wa Mansura, matar ɗana, ta ci gaba da shara, yanzu zan dawo. Na daɗe a kasuwar Gusau saboda mai fitilun ya ɗauka baƙauya ya samu. Ko da ɗan kabu-kabu ya sauke ni daga babur a bakin titin Tsafe, rana ta yi ja. Fitilar ƙwai a hannun dama, kwalbar kananzir a hagu, na kama 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gero zuwa gidan.

Ni na zaɓi gidan nan. Gara in faɗa tun yanzu.

Shekara guda ke nan da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, ɗaki ya yi wuya a Gusau. Ɗana Mas'udu yana cikinsu, injiniya ne a ma'aikatar ruwa. Yana kwana a shagon abokinsa, Mansura kuwa tana wurina a Tsafe da ciki wata bakwai. Tun rasuwar ubansa ni kaɗai na riƙe shi, da mudu da ƙwarya a kasuwar hatsi, kuma ba a taɓa sayar mini da abu a koma gida ana dariya ba. Don haka da maganar neman gida ta taso na ce ni zan je.

Shi unguwar Tudun Wada yake so, wai kusa da ofis, ga famfo, ga mutane. Na je na gani: gida shida ban ɗaki ɗaya, kwata a bakin ƙofa. Na ce ban yi wahalar karatunsa don ya riƙa bin layi da buta ba. A Samaru mai gidan yana kishingiɗe yana sakace ya yi mini magana, ban ko zauna ba. Sai dillali ya kai ni bayan gari, ta gabas, inda gini bai fi biyar ba, daga nan kana hango duwatsun Kwatarkwashi.

Gidan bulo, rufin kwano, ɗaki uku, rijiya a tsakar gida. Ƙofar shiga tana kudu. Aibinsa ɗaya: a katangar yamma akwai giɓi mai faɗin mutum uku a jere, a ta gabas ma akwai irinsa, suna kallon juna. Ba ƙyaure, ba ginshiƙi. An shafe gefensu sumul, ka san da gangan aka bari.

Na tambayi mai gidan, Alhaji Arzika: "Alhaji, siminti ne ya ƙare maka?"

"Haka aka gina shi, Inna. Waɗannan a bar su."

"A bar wa wa? Ɓarayi ko awakin unguwa?"

Ya dubi dillali, ya dubi ƙasa. Ya ce wurin tsohon burtali ne, hanyar da shanu ke bi daga gulbi zuwa gindin duwatsu. Na ce shanun da suka daina bi tun ina budurwa? Ya ce na mutane ne suka daina.

Na yi dariya. A raina na ce wannan rowar bulo ce aka sa mata rawani. Ya rage kuɗin haya don in bar maganar, na karɓi ragin, maganar kuma ban bari ba. Sau uku ina ɗaukar takalmana. A ƙarshe ya ce, "Ni ba zan toshe ba. Ga bulo can, ga siminti. In kin toshe, ke kika toshe." Na koma Tsafe ina ba matan unguwa labarin yadda na yi da Alhajin birni.

Jibo magini ya yi aikin ranar Litinin. Da sassafe ya fara, bai tsaya cin abinci ba, kafin azahar ya tattara kayansa. Yana cikin yi wata maƙwabciya ta kawo mini ruwa, Monica, matar wani Luka da ke aiki a gidan waya. Ta daɗe tana kallon bulon yana hawa.

"Mama, da kin bari," in ji ta a hankali. "Mu da ke zuwa coci ma, in magariba ta yi shigar da yara muke. Ba su taɓa cutar kowa ba. Wucewa kawai suke."

"Kin gan su da idonki?"

"Ban gani ba. Ji nake."

Na ce mata na gode da ruwa. Mas'udu kuwa da ya ji, cewa ya yi, "Inna, in kin ce ya yi, ya yi." Ranar tarewa ya sauke mana kaya, ya wuce Bunguɗu wurin haƙar rijiyar burtsatse, sai bayan isha zai dawo.

To ga ni a hanya da fitila.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Gero ya nuna, amma ko tsuntsu jan baki ɗaya babu a kansa. Can cikin gari ladan ya fara kiran salla, muryar tana zuwa kamar daga cikin tulu.

Sai wari. Ɗanyen kashin shanu, da tsamin nono, da warin fatar da ruwa ya daka. Na duba ƙasa. Ba kashi, ba sawu.

Na ƙara sauri. Da na fita daga gero na shiga filin da ke yamma da gidan, na ga ciyawa a kwance. Wata ma a gabana take kwantawa, gindi-gindi, kamar ana taka ta.

Wani abu ya huro mini numfashi mai ɗumi a damtse.

Na tsaya. Dama da hagu ina jin tuƙa. Ƙaho ya bugi ƙaho, ƙwas. Jela ta shafi zanena. Filin fayau yake, ina hango katangar gidan, ba komai tsakanina da ita. Amma da na miƙa ƙafa, cinyata ta dafi haƙarƙari, yana hawa yana sauka.

Da gefe na riƙa kutsawa, ina bisimilla. Kwalbar kananzir ta suɓuce, ban ji faɗuwarta ba.

A jikin sabon bulon akwai mace a tsaye. Doguwa ce, kanta ya kusa kai saman katanga, ga ƙwarya a kai, ga sanda. Ta ba ni baya. Ita ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun ta da jariri.

"Ke kika rufe."

Ni da ban taɓa rasa amsa a kasuwa ba, bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Ku zagaya mana. Ga fili nan har Mada."

"Hanya ɗaya ce."

"To gobe. Gobe da sassafe in kira magini."

"Kwana biyu muna tsaye. Maruƙa sun gaji."

"A bar ni da wagga katanga, in buɗe muku wani wuri ta baya. Ko in ba da sadaka, ki faɗi abin da..."

"Ba ciniki na zo ba, Inna."

Ta ɗan juyo. Ban ga fuska ba, sai gefen kunci mai tsawo da ƙudaje a kai.

"Akwai ƙofa cikin gidan," ta ce. "Ƙarama. Tana cikin cikin yarinyar, ba ta rufe ba tukuna. Ta nan za mu bi."

Na yar da fitilar.

Yadda na zagaya na kai ƙofar kudu, ban sani ba. Na faɗa tsakar gida ina kiran Mansura.

Tana tsaye a jikin bulon yamma, daga ciki, goshinta manne da shi. Tsintsiya a ƙasa. Da farce take tonon simintin, yatsunta duk jini.

"Mansura, mi kike yi?"

Ba ta waiwayo ba. Na kama kafaɗarta na juyo da ita. Idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Cikinta na motsi a ƙarƙashin riga. Na haifi biyar, na san motsin ɗa. Wannan turi ne, daga baya zuwa gaba, kamar ana gwada ƙyaure.

Daga bakinta wani ƙaramin kuka ya fito. Kukan maraƙi.

Taɓarya tana jingine da turmi, cikin kayan da ba mu gama shigarwa ba. Na ture yarinyar gefe, na ɗauka.

Na daki bulon. Hannuna ya yi tsami har wuya.

Na ƙara. Ina karanta abin da na iya, ayar tana kakkarye mini a baki.

Na uku, siminti ya tsage.

A bayan katangar numfashi ya ƙaru. Ƙasa na rawa. Mansura ta durƙusa tana riƙe da mara.

Bulo ɗaya ya faɗa waje. Na biyu. Sauran ba ni na ture su ba.

Na rungumo Mansura, na ja ta bakin ƙofar ɗaki, na kwanta a kanta.

Suka shigo.

Turmi ya mirgina. Murfin rijiya ya dare biyu. Kwanukanmu suka lotse ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, ba ƙafar da na gani. Zafi ya cika gidan, da wari, da ƙarar kofato a kan daɓe.

Sai a lokacin na tuna. Katangar gabas tana nan a toshe.

Suna shigowa, ba mafita. Jiki ya matse ni da bango. Ƙaho ya karci ƙyauren da ke saman kaina, itacen ya yi fari. Taɓaryar tana can tsakiyar gida, tana juyawa ita kaɗai. Taku goma ne tsakanina da gabas, na san ba zan kai ba.

Cikin Mansura ya yi tauri a ƙarƙashin hannuna.

Dum.

Daga waje ne, ta gabas.

Dum. Dum.

Na ji muryar Monica tana addu'a da yarensu, numfashinta na yankewa. Na ji ta ce, "Luka, ta ƙasa. Daki ta ƙasa." Bakin diga ya ɓullo ta tsakiyar bulon, hasken magariba ya shigo ta hudar.

"Ku kauce," na ce. Ban san ko muryata ta fita ba.

Katangar ta zube waje gaba ɗaya.

Sun daɗe suna wucewa. Aka idar da salla a gari, suna wucewa. Sannu a hankali matsin ya ragu, kofato ya yi nisa, ya nufi duwatsu.

Ita ce ƙarshe. Ta tsaya a kanmu, ƙwaryarta ta tare sauran hasken. Ban ɗaga kai ba, ƙafafunta kawai nake gani, dogaye, da laka ta gulbi.

"Maraƙi ɗaya ya riga ya leƙa," ta ce. "Ba laifinsa ba ne."

Ta bi bayan shanunta.

A ɗakin Monica muka kwana, ita ta wanke wa Mansura yatsu da ruwan gishiri. Da Mas'udu ya dawo ya ga tsakar gidan, ya ga matarsa, ban iya kallonsa ba. Washegari da kansa ya shiga gari ya kama ɗaki biyu a tsakiyar mutane. Bai nemi shawarata ba. Na ɗauki tabarmi na bi su.

Mansura ba ta tuna komai, sai dai ta ce tana shara ta ji barci. Ta haihu ranar wata Asabar, mace, lafiya lau, muna kiranta Asabe. Na duba ta daga kai har tafin ƙafa, na kai ta wurin malamai uku, kowa ya ce ba abin da ya gani. Tana ci, tana dariya, ta yi haƙori a kan lokaci. Hankalina ya fara kwanciya.

Watan jiya na goya ta zuwa Tsafe. A bakin kara, inda ake cinikin shanu, muka haɗu da garken da ake korowa kasuwa, sun fi hamsin, sun cika hanya. Na nemi inda zan raɓe. Sai Asabe ta leƙo ta kafaɗata, ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro.

Shanun suka tsaya cak. Makiyayan na duka, na tsawa, ko gezau. Sannan suka dare biyu, suka sunkuyar da kai, suka bar mana tsakiya.

Na wuce ta tsakaninsu da jikata a baya. Tana ta miƙa musu hannu.