Mazan da Ke Ɗaukar Wayar Malama

Malama na durƙushe a tsakar ɗaki tana cusa alli da katunan koyon karatu a jaka, sai ga Yaya, yayar mijinta, ta ɗaga labule ko sallama babu.

"Yau kuma ina aka nufa? Ko sirri ne?"

"Haba Yaya! Makarantun bayan kogi ne. Ofis sun ce mu gama zagaye kafin ruwa ya rufe hanya."

"Uhm. A sauka lafiya," in ji Yaya, tana taɓe baki.

Aikin Malama ke nan. Duk bazara takan bi ƙananan makarantun ƙauye tana nuna wa malamai dabarun koyar da karatu. Mijinta tela ne, auta a gidansu, Yaya ce ta raine shi, don haka maganarta ta fi ƙarar kekensa shiga kunnensa. Yana son matarsa kamar ransa, amma wani abu ya daɗe yana cin sa. Duk sanda ya kira wayarta, namiji ne ke ɗauka: "Tana aji, za a gaya mata." Kuma ba murya ɗaya ba — kowane ƙauye da irin muryarsa!

Bai taɓa tambayarta ba. Yaya ya je ya gaya wa.

"Na shiga uku!" Yaya ta dafe ƙirji. "Auta, wane irin aji ne wannan da maza ke riƙe wa matar aure waya? Kar ka tambaye ta, 'yan boko ba sa rasa amsa. Ka bi ta, ka gani da idonka. In ya tabbata, ko aikin ko auren!"

Tun daga nan gidan ya canza. In Malama ta dawo a gajiye, ƙafa duk ƙura, ta gaishe shi ya amsa sama-sama. Yaya kuwa sai habaici. Malama takan shige ɗaki ta yi kukanta, ta share, ta fito ta ɗora girki. Ba ta san laifinta ba, kuma ba ta taɓa mayar wa Yaya da magana ba.

Ranar da ta sake tafiya, Tela ya rufe shago ya ari babur ya bi bayanta. Ruwan farko ya sauka, hanya ta jiƙe, ya faɗi ya tashi, ya riƙa tura babur ta cikin laka. Zuciyarsa na tafasa, yana ta maimaita abin da zai faɗa mata.

Kafin ya kai makarantar, ya hangi wani dattijo zaune a kan dutse, da bokiti a gabansa. Hedimasta ne.

"Baƙo, Allah ne ya kawo ka! Lokacin darasina ya yi. Hau ka riƙe mana wayoyin nan."

"Wayoyi?"

"A duk garin nan, kan dutsen nan kaɗai ake samun sabis. Malamai kan zuba wayoyinsu a bokiti, wanda ba shi da darasi ya zauna yana amsawa. Ƙauyukan nan duk haka ake yi. In ta yi ƙara, ka ce tana aji."

Dattijo ya sauka abinsa. Tela ya leƙa bokitin. Ga wayar Malama can a ciki, cikin 'yar jakar da ya ɗinka mata da hannunsa.

Sai wata wayar ta hau ƙara. Ya ɗauka.

"Assalamu alaikum. Tana... tana aji."

"Kai wane ne?" wata murya ta daka masa tsawa. "Uban me kake yi da wayar matata? Wallahi yau sai ta zaɓa!"

"Ɗan'uwa, tsaya — don Allah tsaya ka ji!" Tela ya miƙe tsaye, yana rantse-rantse, yana kwatanta dutse da bokiti, yana roƙon mutumin da bai taɓa gani ba kar ya kashe aurensa a banza.

Da ya juyo, Malama na tsaye a gindin dutsen, alli a hannunta. Ta ji komai.

"Maigida, kai ma abin da ya kawo ka ke nan?"

Ya sauko daga kan dutsen. Hawaye suka zubo mata.

"Duk fushin nan, a kan bokiti ne? Da ka tambaye ni, ai da na gaya maka tun a gida."

"Ki yafe mini, Malama. Na tambayi kowa ban da ke."

Ta yafe masa, don tana son sa. Da suka koma gida ya zaunar da Yaya cikin ladabi ya ba ta labari, kunya ta rufe ta har ta je ta ba Malama haƙuri da bakinta.

Haƙurin Malama ne ya tsare auren nan. Kai kuma mai zargi, kafin ka kai ƙarar matarka wurin dangi, fara tambayar ita kanta.