Fuskar Roba a Ranar Auren Hazel

"Wai kina sona kuwa, Hazel?"

Desmond ya ture kofin shayinsa gefe, ya kafe ta da ido.

"Haba masoyina! Saura sati guda aurenmu kake min wannan tambaya?"

"To ki gaya wa tsohonki ya shigo coci da fuskar Dodon Maƙabarta. 'Yan jarida sun ce in dodon ne zai riƙo hannun amarya, za su zo. Hotona ya fito a shafin farko, masu shirya fim su san da zamana."

"Likita ya hana shi, Desmond... Gam ɗin da ake manna robar da shi ya riga ya ci masa ido ɗaya. An ce in aka ƙara, ɗayan ma zai tafi."

"Don awa biyu kacal? Wa zai ɓata hotonsa a kan tsoho mai sanƙo? In kin ƙi, ni na fasa!"

Kyau kam Desmond yana da shi, amma tausayi ko na sisin kwabo babu. Ita kuwa Hazel son sa ya rufe mata ido, ko tari ya yi sai ta ji kamar waƙa.

Mahaifinta, Wilfred Garside, shekara ashirin da biyar ya yi yana tsorata mutanen Ingila a silima. Fim goma sha bakwai, duk a cikin fuskar roba. Kowa ya san dodon, amma shi ko mai kantin unguwarsu bai san ko wane ne ba. Tun rasuwar mahaifiyarta Hazel ce ke manna masa fuskar, har ranar da likita ya ce ya isa.

Ta same shi a kicin yana goge baƙar kwat ɗinsa, yana 'yar waƙa.

"Zo ki gani, 'yar Baba! Ranar Asabar da fuskata zan fito, kowa ya san kina da uba."

Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa komai. Kunya kamar ta nutse, amma ba ta janye maganar ba.

Ya ajiye kwat ɗin a gefe.

"Kina son yaron nan?"

"Kamar raina, Baba..."

"To ɗauko akwatin fuskar."

Ranar Asabar da safe, cikin farar rigarta ta amarya, ta shafa masa gam da hannunta. Da warin ya bugi idonsa ya damƙe hannun kujera har ta gama manna masa fuskar.

Coci ya cika har waje, rabi ba a ma gayyace su ba. Suna shigowa aka ɗauki shewa.

"Dodo! Dodo! Yi mana gurnani!"

Ya yi musu. Aka tuntsire da dariya, fitilun masu hoto na ta walƙiya. Hazel tana ji yatsunsa na ƙara matse mata hannu. Tun daga tsakiyar coci ta gane ba shi ke kai ta ba, ita ke jan sa.

Ana gama ɗaura aure ta shigar da shi ɗakin limamin coci, ta ɓare robar. Idon ya kumbura, ya yi jajir, ruwa na tsiyaya.

"Baba, kalle ni... Yatsa nawa na ɗaga?"

Ya juya fuskarsa wajen bango yana murmushi.

"Kin yi kyau, 'yata."

Ta fashe da kuka mai cin rai.

Aka turo ƙofa. Desmond ne, ango, sai ƙamshin turare yake.

"Kai! Wa ya ce ki cire? Mai hoton babbar jarida yanzu ya iso, bai samu ko ɗaya ba. Mayar masa, ki yi sauri!"

"Desmond, ba ya gani! Babana ya makance!"

"To ai tsayuwa kawai zai yi, ba karatu ba. Kuma ki goge hawayen nan, kada ki ɓata min hoto."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe. Hazel ta dubi zoben da ke yatsanta. Yau ta ga mutumin da ta aura, bayan an riga an ɗaura.

Tsohon ya laluba kan tebur har ya taɓo kwalbar gam, ya miƙo ta inda yake jin kukanta.

"Shafa, 'yar Baba. Mijinki na jira... Yanzu ai babu sauran abin da zai ci."

Ta karɓa, ta buɗe murfin.