Rijiyar da Muhsin Bai Faɗa Ba

A garin Roni akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, wannan babu musu. Amma fa akwai rawar kai. Kafin a gama tambaya ta ba da amsa. Ita ce mai karanta Turanci a gidansu, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ta ce "ban sani ba".

Yayanta Muhsin yana koyon haɗa wutar sola a Kazaure. Kakarsu, Hajja Kaka, tana ji da shi sosai. Angona take kiransa. Tsohuwar tana fama da hawan jini, har likita ya ce a daina tayar mata da hankali.

Wata rana da la'asar, saƙo ya shigo wayar Umma. Baba yana kasuwar Gwiwa, ya kai gyaɗa.

"Zo ki duba mini," in ji Umma. "Da Turanci aka rubuto."

Yarinyar ta karɓi wayar tana taunar rake. Saƙon ya ce: "Muhsin fell today but he is well."

Ba ta tsaya ta karanta duka ba. Kalma biyu kawai idonta ya kama. Ta san fell faɗuwa ce. Ta kuma tuna hoton rijiya a littafinsu, an rubuta well a ƙasansa.

Sai ta yar da raken, ta ƙwalla ihu. "Wayyo Umma! Yaya Muhsin ya faɗa rijiya!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kin tabbata?"

"Ga shi nan a rubuce!"

Hajja Kaka tana kan tabarma tana jan carbi. Ta yunƙura za ta tashi, ta ce, "Angona..." Sai ta sulale ƙasa.

Gida ya rikice. Umma ta kira lambar da ta aiko saƙon, layin ya ƙi shiga. Ta kira Baba, ya bar gyaɗarsa a kasuwa ya hau babur, sai Kazaure. Maƙwabta suka sa Hajja Kaka a mota, sai asibiti.

Cikin waɗanda suka shigo har da Malama Ikilima, malamar ajin yarinyar. Ta karɓi wayar ta duba. Ta ɗago ta dubi ɗalibarta.

"Karanta mini ƙarshen saƙon. A hankali."

"He is well," in ji yarinyar.

"To ina rijiya a nan? Cewa aka yi ya faɗi, amma lafiyarsa ƙalau."

"Malama, ai well rijiya ce."

"Rijiya ce idan ana maganar ruwa. Idan mutum ake nufi, lafiya ce. Ke in Ummarki ta ce ki miƙo mata gari za ta yi tuwo, Roni za ki ɗauko mata?"

Yarinyar ta girgiza kai.

"To haka Turanci yake. Ƙananan kalmomin nan su suka fi ruɗa mutum. Fast sauri ne, kuma azumi ne. Left hagu ne, kuma ya tafi ne. Maganar da ke gaba da baya ita ke nuna wanne ake nufi. Ke kuwa kin tsinci biyu kin zubar da sauran."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Malama, Hajja Kaka za ta mutu?"

"Sai dai mu yi addu'a. Ɗauko hijabinki mu tafi."

A asibiti suka tarar an sa wa tsohuwar ruwa. Idonta a rufe. Yarinyar ta zauna a bakin gadon, ta kasa kallon kowa.

Can sai ga Baba ya shigo, Muhsin na biye da shi yana ɗingishi. Ashe daga tsani ya zamo, ya kurje gwiwa, wayarsa ta fashe. Abokinsa ne ya aiko saƙon, wani ɗan bautar ƙasa da ba ya jin Hausa.

Muhsin ya riƙe hannun kakarsa. "Hajja, ga ni."

Ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta shafa rigarsa.

"Ja'iri," ta ce a hankali. "Wace irin rijiya ce ba ta jiƙa riga?"

Umma ta yi dariya tana share hawaye.

Yarinyar ta durƙusa. "Hajja, ki yafe mini. Baba, Umma, ku yafe mini. Ban karanta duka ba, kuma na ce na tabbata."

"Na yafe miki," in ji Hajja Kaka. "Amma daga yau ki riƙa taunawa kafin ki furta."

Baba ya ce, "Kin ji ko? Cewa ban gane ba ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ki faɗi abin da ba ki tabbatar ba."

Bayan kwana biyu aka sallami Hajja Kaka. Tun daga ranar, in aka ba yarinyar saƙo, sai ta karanta shi sau biyu, daga farko har ƙarshe. In wata kalma ta shige mata duhu, sai ta ce, "Umma, wannan ban gane ba. Bari in tambayi Malama."