Mai Guduma a Tsohon Gini

"Mama, me ya sa mutumin can yake manna kunne a bangon makaranta? Gulma yake saurara?"

Da ƙarfi yarinyar ta yi tambayar, har mutumin ya waigo, 'yar guduma a hannunsa. Malama ta ja 'yarta baya. Ita ke koyar da lissafi a sakandaren, kuma tun rasuwar mijinta suke zaune a ɗaki biyu da ke jikin tsohon ginin.

Mutumin ya ce shi mai zanen gine-gine ne, an turo shi duba lafiyar wurin. Ya nuna mata ƙasan da aka fara da dutse, da benen jan bulo da aka ɗora bayan ɗalibai sun yi yawa, da barandar da ta zo daga baya. Simintin da aka lulluɓe su da shi, in ji shi, shi ne auta kuma shi ne cutar, don ya kulle danshi a ciki. Malama ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi, wanda ke yabon gini da guduma a hannu sai an sa masa ido.

Ta sa masa idon, har idon ya saba. Ta laƙaba masa Mai Guduma, shi kuma ya riƙa kiran ta Sarauniyar Zargi.

Ranar da ya fara ɓamɓare simintin, ɗan kwangilar da ya daɗe yana neman aurenta ya zo mata da labari: wai Mai Guduma so yake ginin ya zama kango, a rushe, a kore su. Mahaifinta, tsohon ɗalibin makarantar, ya ce wanda ya yi wa makarantarsa tsirara ba zai taka masa ƙofar gida ba.

Ta daina ɗaga wayar Mai Guduma. Sai ga saƙo:

"Sarauniyata, kada ki yarda da ni. In an yi ruwa, ki taɓa inda na ɓamɓare, ki taɓa bayan gadon 'yarki. Amma don Allah ki matsar da gadon yau."

Gadon ta fara matsarwa, don wannan ba abin jayayya ba ne. Bayan ruwa ya ɗauke ta fita. Inda ya ɓamɓare ya sha iska ya bushe. A ɗaki ta sa wuƙar kicin ta ɗaga simintin, sai ga bulo ya narke kamar sabulun da aka manta a ruwa.

Ta ɗauko Baba. Ya daɗe yana shafa jan bulon waje, sannan ya ce haka bangon yake a zamaninsu, ya ma manta launinsa.

"Kira min shi," ya ce. "Ya zo ba guduma."

Ko da hakan, da Mai Guduma ya nemi aurenta, sai da ta bincika wurin aikinsa da maƙwabtansa, ta ga yadda yake yi da ƙannensa, kafin ta ce masa, "Na yarda, masoyi, amma idona yana nan."

"Shi nake so," ya ce.

An ɗaura aure, Baba ya sa albarka, ginin ma ya tsira. Allah ya ba su zaman lafiya.

Ke kuma 'yar'uwa mai ɗa a hannu, kada daɗin labarin nan ya ruɗe ki. Duk wanda zai shigo inda ɗanki ke kwana, ki bincika shi da kanki, ko da za a kira ki mai zargi.