Ɓatan Jif ɗin Baba Orval

Ranar Lahadi da hantsi, ana fitowa daga coci, waya ta shigo ofishin 'yan sanda na Norland: an sace jif ɗin Baba Orval Thorsrud. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san motar nan. Tsohuwar jif ce ta soja, tun ta yaƙin duniya na biyu, ita ke jan gaba a faretin tunawa da mazan jiya kowace shekara. Saura kwana takwas na bana, kuma likita ya riga ya faɗa wa iyalin Orval kada su sa rai da na baɗi.

Sufeto Dwight Kolstad ya tarar da tsohon a keken guragu a bakin gareji, da bargo a gwiwa, yana kallon ɗigon baƙin mai a siminti. 'Yarsa Janelle na tsaye a bayansa.

"Baba, sannu. Ina makullin motar?"

"Ɗan Kolstad, ubanka ma ya fi ka sani. Motar soja ba ta da makulli, ai ba a tsayawa laluben aljihu ana ruwan harsashi."

"To kowa zai iya tayar da ita ke nan?"

"Ina! 'Yan inshora sun ce sai da kwaɗo a ƙofa da abin yanke wutar batir a ɓoye, in ba haka ba ba ruwansu. Mu uku muka san wurin: ni, da yarinyar nan, da aminina Merle."

Sufeto ya duba kwaɗon. Ba a fasa shi ba, buɗewa aka yi.

"Tana da wata alama da za a gane ta?"

Orval ya girgiza kai. "Babu."

"Haba Baba," in ji Janelle, "kwabon Curtis fa, wanda ya manne ƙarƙashin kujerar direba?"

"Bar wannan zancen," ya ce da ita a tsawace.

Curtis ɗansa ne tilo. Su biyun suka tayar da jif ɗin daga ɓuraguzai, noti bayan noti, kafin ciwon jini ya ɗauke yaron yana ɗan shekara ashirin da uku. Shekara talatin ke nan, amma har yau ba a ambatar sunansa a gidan sai an yi ƙasa da murya.

A kicin Sufeto ya tsare Janelle.

"Ba a gan ki a coci ba. Ina kika je?"

"Kanti."

"Kantin Norland ba ya buɗewa ran Lahadi sai azahar."

Sai ta fashe da kuka. Gidan kula da tsofaffi ta je nema wa mahaifinta gurbi, ba ta so ya ji. Waya ɗaya ta tabbatar da hakan. Sufeto na shirin fita ya hangi wata wasiƙa manne a jikin firji, daga ofishin rajistar motoci. Wai ranar Juma'a jami'i zai zo ya duba lambar casis, wadda aka buga a jikin ƙarfen da ke ɗauke da bodi, ya gwada ta da takardu kafin a sabunta lambar motocin tarihi. Da can 'yar tagullar da ke gaban mota kawai ake karantawa.

"Wa ya ga wasiƙar nan?"

"Merle. Shi ke yi mana duk takardu."

Washegari ya leƙa wajen wakiliyar inshora, ta zube masa fayil mai kauri. Lambar tarihi ba ta yawo ba ce, fareti ne da baje koli da zuwa wajen bakanike, shi ke nan. Direba biyu ne a takarda, Orval da Merle Pavlik, kuma duk shekara sai an kawo hoto. Sufeto ya jera hotunan a tebur, ya daɗe yana kallo. A na farkon, tagullar lamba na manne da kusoshi masu zagayayyen kai irin na masana'anta. Daga shekarar da Curtis ya rasu, kusoshin sun canza. Shekarar ce kuma jif ɗin ta yi wata biyar a wajen gyara.

Merle Pavlik bakanike ne, shekararsa saba'in da tara, aminin Orval tun suna 'yan gajeren wando. Tun da idon Orval ya dushe shi ke jan sa a fareti. Sufeto ya same shi a shagonsa yana goge sifana guda ɗaya, gogewar da ba ta ƙarewa.

"Kawu Merle, yaushe rabonka da jif?"

"Tun watan Afrilu."

"Jiya fa da safe?"

"Ina gida, bayana ya riƙe."

"Wa ya cire tagullar lamba shekara talatin da suka wuce?"

"Tagulla kuma? Kai yaro, a lokacin ko rarrafe ka fara?"

Sufeto ya leƙa waje. Ya nuna ƙasa. Sawun taya ne mai manyan haƙora, irin wanda ba motar da ke da shi a duk gundumar sai guda, ya bi ta gefen shago ya nufi rumbun masara. Merle ya ajiye sifanar a hankali, ya shige gaba da kansa.

Jif ɗin tana can ƙarƙashin tamfol. A kan bonet ga guduma, ga ƙarafan buga lamba jere a kan tsumma. Sufeto ya durƙusa ya haska casis. Lambar da ke jiki daban take da ta takarda, kuma ba a taɓa ta ba.

"Sau uku na ɗaga gudumar," in ji Merle, "hannuna ya ƙi."

Sufeto ya kira Janelle ya ce an ga mota. Bai ce ta zo da tsohon ba, amma wa ya isa ya hana Orval? Kafin rabin awa tana turo shi cikin rumbun.

Merle bai iya kallonsa ba. Ƙasa yake kallo yana magana.

"Sati biyu da binne Curtis ka kawo min ita gyaran birki. Ina walda, tartsatsi ya kama tankin mai. Orval, ta ƙone ƙurmus, tagullar nan kaɗai na tsira da ita. Na zo gidanka zan faɗa maka, na tarar da kai rungume da rigar yaron. Wallahi na kasa. Na bi gari gari ina tsintar kaya, na haɗa wata, na manna mata lambar. Da wasiƙar nan ta zo na san asiri zai tonu a gabanka. Ba motar ɗanka ba ce. Ba ta taɓa zama tasa ba."

Orval ya miƙa hannu, ya shafa ƙarƙashin kujerar direba, inda ba komai sai santsin fenti.

"Sakarai," ya ce. "Ran da ka dawo da ita na sa hannu nan, ban ji kwabo ba. Tun ranar na sani."

Merle ya ɗago. "Ka sani?"

"Na ga ƙunar da ke hannuwanka, na ga yadda ka rame. Na ce mutumin da ya yi wata biyar yana gina min ƙarya don kada in mutu, ba ni zan kunyata shi ba. Ina ta jira ka faɗa, kai kuma kana ta cika ni da surutun birki."

Ni dai ban taɓa jin abin da ya sosa min rai a garin nan kamar wannan ba. Shekara talatin suna zaune kafaɗa da kafaɗa a mota ɗaya, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri.

"Na janye ƙarar sata," in ji Orval.

"Wannan naka ne, Baba," Sufeto ya ce a hankali. "Amma sauya lambar mota laifin jiha ne, ba ni da ikon yafewa. Rajistar ta faɗi, inshorar ma ta bi ta. Dole motar ta tafi hannunmu, kuma sabuwar rajista ba ta kasa wata uku ba."

Kafin wata ukun, faretin bana ya daɗe da wucewa. Janelle ta juya baya tana share ido.

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya buɗe wa Merle ƙofar gaba ta motar 'yan sanda, ya riƙe masa hannu har ya zauna. Sannan ya koma rumbun da sukudireba, ya durƙusa a bayan jif ɗin ya fara kwance lambar tarihin.

"Ɗan Kolstad," Orval ya kira shi, "faretin Litinin mai zuwa fa, wa zai ja ni?"

Sufeto ya ci gaba da murza notin, bai ɗago ba.