Nishin Da Ke Cikin Kango

A can wani zamani, an yi wata yarinya mai kare, ana kiransa Dunƙule. Dunƙule ba ya tsoron kura, ba ya tsoron maciji, amma da an yi tsawa sai a neme shi a rasa.

A bayan gari akwai wani kango da ba mai bi ta wurin, don an ce duk ranar da hadari ya haɗo akan ji wani abu yana nishi a ciki.

Ran nan da la'asar hadari ya taso, gari ya yi duhu, tsuntsaye suka yi tsit. Yarinya ta duba ɗaki, ba Dunƙule. Ta duba ƙarƙashin rumbu, ba Dunƙule. Sai ta ga sawunsa ya nufi kango.

Ta bi sawu har ƙofa. Ta ji nishi, ta ga idanu biyu suna ƙyalli cikin duhu. Ba ta gudu ba. Ta kira a hankali, "Dunƙule?" Nishi ya tsaya.

Ta shiga, ta tarar da shi yana makyarkyata. Ta lulluɓe shi da mayafinta, ta rungume shi. Aka yi tsawa, ta ce, "Ina nan." Aka sake tsawa, ta ce, "Ina nan." Har ya yi shiru.

Da suka dawo gida, kakarta ta ce, "Jikalle, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Na ji, Kaka. Amma nasa ya fi nawa."