Koren Haske a Ƙarƙashin Jirgin Hambali

Rana ta faɗa bayan itatuwan darbejiya, ladan ya fara kiran magariba. Uwaliya tana tsakar gida tana kwashe tuwo, mijinta Hambali kuma yana ɗaure batir a bayan babur, zai wuce dam bayan salla. Sai dutse ya faɗo tsakaninsu.

Hambali ya sunkuya ya ɗauka. A jiƙe yake sharaf, gansakuka ta lulluɓe shi, ga ƙarnin laka. Ya ɗaga kai, babu ko gajimare. Kafin ya yi magana na biyu ya dira a kan kwanon ɗaki.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Uwaliya.

Hambali masunci ne, a dam ɗin Guzuguzu da ke ƙasar Kabo yake neman abincinsa. A shekarar kifi ya yi wuya. Da ya ga a waya yadda wasu ke saka fitila a ƙarƙashin jirgi kifi na taruwa, sai ya tafi Gwarzo wurin Dachung, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin yana haɗa sola da gyaran wuta. Dachung ya zo bakin dam, suka kife jirgin a kan yashi. Ya huda katakon a ƙasa da inda ruwa ke kaiwa, ya dasa fitilu masu ƙananan ƙwayaye, ya liƙe bakin kowace da gam. Ya zura jar waya da baƙa cikin siririn tiyo, ya bi da su gefen jirgi har zuwa fiyus da makunni.

"Malam Hambali, ruwa da wuta ba sa shiri," ya ce. "Kada ka bari mahaɗar nan ta jiƙe."

Da aka kunna, wani koren haske ya tsaga ruwan har ƙasa. Karfasa da tarwaɗa suka yi dafifi. Daɗin kamu ya ja Hambali har cikin kwarin da ke gindin wani baƙin dutse, inda tsofaffin masunta ke kaucewa. Ranar ragar ta yi nauyi fiye da kifin da ke cikinta.

Washegari ne dutsen farko ya faɗo. Tun daga nan gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Ana fara kiran salla jifa zai sauko. Idan ya lafa, sai shiru ya rufe gidan, ko kaji ba sa motsi. A cikin shirun nan ne ake jin wani abu yana lalube a jikin bango, a hankali, kamar mai neman ƙofa. Da safe Uwaliya takan tarar da shatin tafin hannu a jiƙe, ɗan ƙarami, daidai tsayin gwiwa. Duk shatin a gindin randa yake ƙarewa.

Wata Laraba 'yarsu Naja'atu ta dawo daga Islamiyya da ƙishirwa. Ta buɗe randar, ta leƙa da moɗa a hannu, sai ta ƙwalla ƙara ta zube. Da aka ɗaga ta, idanunta a rufe suke ruf. Ko ashana aka ƙyasta a ɗakin sai ta dafe fuska tana ihu. Jikinta ya yi sanyi kamar an tsamo ta daga rijiya, ruwa na tsattsafowa daga gashinta.

"Baban Naja," Uwaliya ta ce, "wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Washegari bayan la'asar aka zo da Malam Zailani daga Lakwaya, wani dattijo marar yawan magana da aka sani da ruƙiya. Ya dubi duwatsun da aka tara, ya dubi shatin hannun, ya daɗe yana kallon randar. Sannan ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu.

Karatun ya yi nisa kafin Naja'atu ta miƙe zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai nauyi, kamar ana magana da baki cike da ruwa.

"Bari ƙona ni, Malam. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke?"

"Tun ba a tare ruwan nan ba nake cikin kwarin. Ban taɓa kifar da jirgin kowa ba. Tambayi wancan abin da ya yi wa ɗana."

Malam ya waiwaya ya dubi Hambali.

"A duhu aka haife shi," muryar ta ci gaba. "Bai san haske ba. Ya ga koren abin nan ya bi shi, ya zuba masa ido har ganinsa ya tafi. Raga ta kwaso shi, aka kawo shi tudu cikin kifi. Yana nan cikin randarku, ya kasa gane hanya."

"To ki ɗauki abinki ki tafi."

"Ba na iya ƙetare busasshiyar ƙasa da shi. Wanda ya kawo shi, shi zai mayar. Kuma a ba ni idon yarinyar nan a madadin nasa."

Uwaliya ta fashe da kuka. Hambali ya matso da rarrafe. "Ni na kunna fitilar. Ki ɗauki nawa..."

"Yi shiru!" Malam Zailani ya daka masa tsawa. "Ido amanar Allah ne, ba naka ba ne balle ka bayar." Ya juya ga yarinyar. "An cuce ki, ba da sani ba. Za a mayar miki da ɗanki yau kafin rana ta faɗi, za a cire fitilun. Amma ido ba za ki samu ba, na yarinya ko na uba. Kin yarda, ko in ci gaba?"

Ruwa ya ci gaba da ɗiga daga gashin Naja'atu.

"Na yarda da na yarinyar," muryar ta ce.

Malam ya ɗaga murya da karatu. Naja'atu ta sandare, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido. "Inna, me ya jiƙa ni?"

Malam bai yi murmushi ba. Ya dubi Hambali. "Ka ji abin da ta yarda da shi, ka kuma ji abin da ta yi shiru a kai. Ka riƙe addu'a, ka yi sauri."

Aka ɗora randar a amalanke. Hambali ya tura ta shi kaɗai, tana ƙara nauyi yana gumi. A bakin dam ya tarar da Dachung, wanda aka kira a waya, ya riga ya yanke wayoyin, yana tsaye da fitilun a hannu.

"Ban san haka zai zama ba, Malam Hambali."

"Ni ma haka."

Hambali ya rungumi randar ya shiga ruwa har ƙugu, ya yi bisimilla, ya karkata ta. Ruwa ya yi ta zuba, ya wuce abin da randa ke iya ɗauka. Sai wani ɗan hannu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa. Ya lalubo damtse, ya hau kafaɗa, ya shafa gemu. Hambali ya runtse ido. 'Yan yatsun suka tsaya a kan fatar idonsa, suka danna kaɗan, suka daɗe a wurin. Sannan suka saki.

Ya tsaya cikin ruwan bai motsa ba.

"Malam Hambali," Dachung ya kira daga gaɓa. "Buɗe idonka mana."

"Tsaya tukuna."

Sai da ya karanta duk abin da ya zo bakinsa, sannan ya buɗe. Ya ga jan rana kwance a kan ruwa. A gabansa wani ɗan zare na motsin ruwa yana tafiya, ya yi dama, ya yi hagu, ya tsaya, ya rasa inda zai nufa. Daga wajen baƙin dutsen wani babba ya taso da sauri, ya zo ya kewaye shi. Suka juya tare, suka nufi kwarin a hankali, babban yana tsayawa yana jiran ƙaramin.